Sun gyara titin da bai lalace ba, sun bar namu yana mutuwa

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi mini uzuri, da zafi na zo. Titin da ya bi ta ƙofar gidana shekara huɗu ke nan yana mutuwa a tsaye. Ramin da ke daidai kwana, in an yi ruwa ba ka sanin zurfinsa sai ka faɗa. Mun rubuta takarda, mun buga waya, sau biyu aka zo aka cike shi, sau biyu ya buɗe baki. To makon jiya ina fitowa sai ga motocin hukumar birni a babban titin da ke bayanmu, wanda ni dai ban ga abin da ya same shi ba, in ban da 'yan tsage-tsage kamar zare. Suka share, suka fesa kwalta, suka watsa tsakuwa, rola ta bi ta kai. Kwana biyu sun gama sun kwashe kayansu. An kai mai lafiya asibiti, an bar majinyaci a ƙofar gida. Wanda ya san yadda ake tsara wannan aiki ya fahimtar da ni, don ni yanzu zargi nake yi.

Ɗan Asabe: Wa'alaikumus salam. Ai ba sai an yi maka fassara ba Alhaji. Je ka duba su wa ke zaune a kan wancan titin.

Maman Ilham: Ko kuma zaɓe ya ƙarato.

Injiniya Hadiza: Baban Khalifa, Allah ya huci zuciyarka. Ban san garinku ba, ba kuma zan rantse cewa babu son kai a abin da aka yi ba. Amma aikin da ka kwatanta, in har haka ya faru, yana daga cikin 'yan ayyukan da mu ke murna idan hukuma ta yi. Wannan tsage-tsagen kamar zare da ka raina, shi ne farkon ramin ƙofar gidanka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a titi kuwa ƙadangaren ruwa ne.

Mutane na ɗauka baƙar shimfiɗar nan ta sama ita ce titi. Ita riga ce kawai, a ƙananan tituna sau da yawa kaurinta bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba. Abin da ke ɗaukar nauyi yana ƙasa: fasasshen dutse ko jar ƙasa da aka danne da rola, sannan ƙasar asali. Muddin waɗannan na bushe, za su ɗauki kaya shekara da shekaru. Rana da iska kuwa kullum suna busar da kwaltar sama, tun tana da danƙo har ta zama ƙarau ta fara tsagewa. Ruwa ya shiga ta tsagar, ƙasan ya yi laushi, mota ta taka, shimfiɗar ta lotsa ta dawo, ta lotsa ta dawo, har ta farfashe ta yi zane irin na fatar kada. Daga nan taya ke ɗauke ɓallin ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ka ga rami, aikin ya daɗe da gamawa a ƙarƙashi.

Abin da suka yi wa titin bayanku toshe wa ruwa hanya ne. Da kuɗi kaɗan sun ƙara masa shekaru. Naku kuwa, in gindinsa ya ruɓe, sai an tone an sake gini daga tushe, kuma kuɗin kilomita ɗaya na irin wannan zai shafe kilomitoci da dama na wancan.

Baban Khalifa: Wato Injiniya laifinmu shi ne namu ya riga ya mutu?

Injiniya Hadiza: Ba laifinku ba ne, na wanda ya ƙyale shi ne shekaru bakwai ko takwas da suka wuce, lokacin da shi ma tsage-tsagen zare ne da shi. Amma ka zauna a kujerar mai rabon kuɗin. In ya ce kullum mafi lalacewa zai fara bi, bana kuɗin duka za su ƙare a titi biyu. Kafin baɗi guda biyar daga cikin masu dama-dama sun gangaro sun shiga layin matattu. Haka zai yi ta bi yana gina biyu, biyar na mutuwa. Lalacewar titi ba a hankali take tafiya har ƙarshe ba. Yana daɗewa yana kama da lafiyayye, sai ya kai wata gaɓa ya rufta gaba ɗaya cikin damina biyu ko uku. Dabarar ita ce a tare shi kafin gaɓar.

Biranen da suka ɗauki abin da gaske suna da rajistar kowane titi: tsawonsa, shekarar da aka gina shi, aikin ƙarshe da aka yi masa. Ana zagayawa a ba kowanne maki daga 0 zuwa 100, tsarin da injiniyoyin rundunar sojan Amurka suka fito da shi a shekarun 1970. Mai maki da yawa a toshe masa tsaga. Na ƙasa da shi a yi masa siririyar shafa. Na tsakiya a kankare saman a shimfiɗa sabo. Na can ƙasa a sake shi ɗungum.

Ɗan Asabe: Kin iya karatu Injiniya, ba musu. Amma wa ya ga rajistar? Wa ya ga makin? In ba wanda ya gani, ai duk titin da babban mutum ya nuna da yatsa sai a ce makinsa ne ya kai.

Injiniya Hadiza: Nan kam ban da ja. Shi ya sa wasu birane ke wallafa taswirar makin da jerin ayyukan shekaru masu zuwa, kowa ya duba. Inda ba a wallafawa, ko an yi gaskiya ba wanda zai yarda.

Malam Nura: Ku bar ni in sako tarihi kaɗan, sana'a ce ta bi jiki. Maganar ruwan nan ta fi shekara ɗari biyu. John McAdam, mutumin Sikotland da aka ɗora kan kula da hanyoyin yankin Bristol a Ingila a 1816, hujjarsa ke nan: ƙasar asali ce ke ɗaukar nauyi, aikin mai gina hanya ya tabbata ta zauna a bushe. Sai ya ɗaga hanya sama da ƙasar da ke gefenta, ya yi mata ɗan doro, ya zuba ƙananan duwatsu masu kusurwa da ke cije juna in an taka su. A 1902 wani mai suna Edgar Hooley ya yi rajistar dabarar cakuɗa irin wannan dutse da baƙin man da ake samu daga kwal, don ƙura ta kwanta. Kalmar kwalta ma daga sunan wannan man na kwal ta samo asali, duk da cewa wadda ake zubawa yanzu daga ɗanyen man fetur ake tace ta.

Maman Ilham: Malam Nura ba a raba ka da aji. 😂

Baba Ilu: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ke rubuta mini. Na yi shekara talatin da ɗoriya a sashen gyaran titi, daga lebura har na zama shugaban ayari. Injiniya ta faɗi na takarda, bari in faɗi na hannu, tunda yaron nan ya ce sau biyu aka cike raminsa yana buɗewa.

Faci iri biyu ne. Akwai na a ga an yi. Mota ta tsaya, a kwarara kwalta mai sanyi cikin rami yadda aka same shi, da ƙurarsa da ruwansa, a buga da bayan shebur, direba ya taka da taya sau biyu, a wuce. Wannan ruwa uku ba ya gani.

Na gaskiya kuwa, sai ka zana murabba'i kewaye da ramin, ka shiga cikin lafiyayyen wuri kamar taki ɗaya na hannu, domin bakin rami duk ruɓaɓɓe ne ko da ido bai nuna ba. Ka yanka da injin yanka, gefen ya tsaya tsaye cak kamar bango. Ka kwashe duk abin da ya yi laushi har ka taɓa ƙasa mai tauri, in gindin ya jiƙe ka cire shi ka zuba sabon dutse ka danne. Ka share ƙura tas. Ka shafe ƙasa da gefuna da ruwan kwalta, shi ne gam ɗin da ke haɗa sabo da tsoho, kuma shi ne abin da malalaci ya fi tsallakewa. Sannan kwaltar ta zo da zafinta, wajen digiri 150, tana hayaƙi. In ta huce a hanya, ka mayar da ita, ba za ta dannu ba. Ka zuba hawa-hawa, kowane hawa a danne, na ƙarshe ya ɗan ɗara titi tudu kaɗan don rola ta mayar da shi daidai. Ni in na gama nakan zuba ruwan buta a kai. In ya gangara gefe, mun yi aiki. In ya kwanta, mu sake.

Amma abin da ya fi faci muhimmanci ba wanda yake ɗaukar hotonsa: yashe kwata da kwalbati kafin damina, da kankare ƙasar da ta taru a kafaɗar titi har ta fi titin tudu ta hana ruwa fita. A zamaninmu kowane ayari yana da nasa yankin, ka san titinka kamar tafin hannunka.

Baban Khalifa: Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi irin na farkon aka yi mana. Ko minti ashirin ba su yi ba.

Injiniya Hadiza: Baba ya gama magana. Ɗan doron da ake yi wa titi kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari ne kawai, santimita biyu ko uku a kowace mita, amma shi ke raba titi da kwanciyar ruwa. Sai dai in kare masu facin gaggawa kaɗan: tsakiyar damina, rami na neman kashe mai babur, dole a jefa wani abu a ciki yau. Laifin shi ne a ɗauki na wucin gadi a matsayin na dindindin.

Maman Ilham: Ni tawa damuwar daban ce. An yi mana sabon titi, santsi kamar madubi. Wata huɗu bai cika ba masu bututun ruwa suka zo suka tsaga shi gida biyu. Suka mayar da ƙasa da ƙafa suka tafi. Bayan su masu wayar intanet suka zo suka tsaga ta tsawo. Yanzu duk inda aka tona ya lotsa, mota na wucewa kana jin gif. Shin waɗannan ofisoshin ba sa gaisawa ne?

Auwal: Yaya, wannan ciwon duniya ne. A Landan tun 2012 hukumar sufurin birnin ta fara karɓar kuɗin haya kullum daga duk kamfanin da ya tone manyan tituna a lokacin cunkoso, don su yi sauri ko su koma aikin dare. Wasu biranen kuma dokarsu ita ce sabon titi ba a taɓa shi sai bayan wasu shekaru, sai dai gaggawa, saboda haka kafin a shimfiɗa ake aika wa masu ruwa da wuta da waya: mai abin binnewa ya binne yanzu. Kai ƙorafi ma an sauƙaƙa. New York na da lambar 311 tun 2003, a Birtaniya akwai shafin FixMyStreet tun 2007, ka ɗauki hoton rami ka nuna wurin a taswira, ƙorafin ya tafi ga hukumar da abin ya shafa, kowa kuma yana gani. Su ma fa suna kuka da ramuka, musamman bayan hunturu, don ruwan da ya shiga tsaga yana daskarewa ya kumbura ya ƙara buɗa ta.

Ɗan Asabe: Ku bar batun Landan. Japan fa? Titi ya rufta a Fukuoka a Nuwambar 2016, rami mai faɗin kusan mita 30, cikin mako guda motoci na bi ta kai. Mu rami kamar kwano shekara huɗu.

Injiniya Hadiza: Ya faru, kuma abin a yaba ne. Amma wancan tsakiyar birni ne kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, duniya na kallo, an tara kowa dare da rana. Gwanintar gaggawa daban, kula da dubban ƙananan tituna shekara bayan shekara ba tare da kyamara ba daban. Ni na biyun nake auna birni da shi.

Sale Direba: Na san yanzu za a zo kanmu, gara in riga ku. Kullum tirela, kullum tifa. Mu ma haraji muke biya, kuma ramin nan mu ya fi ci, taya da sifirin.

Injiniya Hadiza: Oga Sale, ba ƙiyayya ba ce, lissafi ne. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a jihar Illinois ta Amurka, aka gina hanyoyi aka sa motocin kaya suna zagayawa a kai har suka lalace. Abin da aka gano: ɓarnar ba ta tafiya daidai da nauyin da ke kan aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama. In nauyin ya ninka biyu, ɓarnar kusan sau 16 take ninkawa. Ƙaramar mota mai tan ɗaya a kan aksil, da babbar mota mai tan goma, bambancin ya kai sau 10,000. Ƙarin lodi na kashi 20 cikin ɗari kacal yana ninka ɓarnar biyu. Titin unguwa kuma ba don ku aka auna kaurinsa ba. Tifofin yashi su mayar da shi hanyarsu wata shida, an gama da shi.

Sale Direba: To ki gaya wa mai kaya. Ni in na ce lodi ya yi yawa, gobe wani ke riƙe da makullin. Kuma abin da ke shigo da mu unguwa, babbar hanyar ce ta toshe ko ta mutu. A kafa sikeli a auna kowa, ba ɗaga ƙafa, ni na yarda.

Baba Ilu: Yaron nan ya yi gaskiya. Kuma kada masu gida su wanke kansu. Mai wankin mota da ke sako ruwa kan titi kullum, da bakanike da ke zubar da baƙin mai da gas, wanda ke narkar da kwalta kamar kitse a wuta, da mai gini da ya jibge yashi ya toshe kwata, da wanda ya cike lambatu don motarsa ta shiga gida. Duk na gani da idona.

Hajiya Binta: Na yi aiki a sashen kasafin kuɗi na wata hukumar birni, bari in faɗa muku inda gizo ke saƙar. Kuɗin sabon gini da kuɗin kulawa aljihu biyu ne. Sabon titi yana da ranar buɗewa, da almakashi, da allo mai suna. Yashe kwalbati ba shi da ko ɗaya. In kuɗi suka gaza a tsakiyar shekara, ba za a taɓa albashi ba, ba za a tsayar da aikin da aka yi alkawari a bainar jama'a ba, sai a zare daga kulawa, tunda titin ba zai yi kuka bana ba. Kuma duk sabon kilomita da aka buɗe ƙarin baki ne da za a ciyar har abada, amma ba a ƙara abincin.

Bankin Duniya ya fitar da rahoto a 1988 kan ƙasashe masu tasowa 85, ya ƙiyasta cewa an yi asarar hanyoyi na kusan dala biliyan 45 saboda rashin kulawa, asarar da dala biliyan 12 ta isa ta hana. Shi ya sa ƙasashe da dama, irin su Ghana da Kenya da Tanzaniya, suka kafa asusun hanya na musamman da ake cikawa daga harajin man mota, don kada a riƙa wawushe kuɗin zuwa wani wuri. Sai dai nawa ke gangarowa zuwa ƙananan titunan cikin gari, wannan wata rigimar ce. Wani abin kuma da mutane ba sa lura, ba kowane titi a cikin birni ne na hukumar birni ba. Wani na jiha ne ko lardi, wani na gwamnatin ƙasa, wani ma mai rukunin gidaje ne ya yi shi bai miƙa ba. Takardu nawa na gani sun kwana a ofishin da ba shi da hurumi.

Ɗan Asabe: Hajiya kin tsallake ɗan kwangila.

Hajiya Binta: Ban tsallake ba, ina zuwa. A ƙa'ida ana riƙe wani kaso na kuɗinsa, sau da yawa kashi 5 cikin ɗari, har shekara guda bayan ya gama. In aiki ya ɓaci a wannan tsakanin, shi zai gyara. Matsalar, wanda ya rage kauri da santimita ɗaya, titinsa zai wuce shekarar lafiya lau, sai a ta uku ya tona asiri. Maganinsa a huda titin a ciro samfuri a auna kafin a biya. Akwai kuma kwangilar da ake ba kamfani yanki na shekaru, ana biyansa bisa lafiyar titin, ba bisa yawan facin da ya yi ba. Wannan in ya yi ha'inci kansa ya yi wa.

Baban Khalifa: Na ji, na kuma ƙaru. Amma har yanzu akwai abin da bai kwanta mini ba. In kullum masu dama-dama za a riƙa ceto, mu da namu ya mutu sai yaushe? Haraji ɗaya muke biya. Mara lafiya a unguwarmu ta wannan ramin ake fitar da shi.

Injiniya Hadiza: Wannan tambayar lissafi ba ya amsa ta shi kaɗai, kuma injiniyan da ya ce yana amsawa ya yi ƙarya. Tsari mai adalci yana raba kuɗin: kaso mai tsoka na riƙe masu rai, kaso na tayar da matattu ɗaya bayan ɗaya bisa jeri sananne, da la'akari da makaranta da asibiti da yawan masu bi. Haƙƙinka ne ka san lambarku a jerin da shekarar da aka sa muku, kuma kafin nan a sa titin ya zama ana iya binsa ba haɗari. In ka je, kada ka ce musu me ya sa kuka gyara wancan. Ka ce ina jerin, mu na nawa ne.

Shugaban Zaure: Na goge saƙo biyu da suka ambaci sunan mutum da zagi. A ci gaba, amma a kan titi.

Baba Ilu: Baban Khalifa, tambaya ɗaya. Ramin nan naka, da rani yana bushewa ƙurmus?

Baban Khalifa: A'a Baba. Ko a tsakiyar rani gindinsa da danshi, har 'yar ciyawa ke fitowa a bakinsa. Mun ɗauka ruwan wanke-wanke ne daga maƙwabta.

Baba Ilu: To ɗana, ba rami gare ka ba, bututu ne ya fashe a ƙasa. Ko ni na yi maka facin da hannuna, wata uku ba zai yi ba. Gobe da asuba kafin motoci su fito, ka kwashe ruwan da ke ciki ka tsaya ka gani. In ya sake tsattsafowa garai-garai, ka ɗauki hoto, ka kai wa masu ruwa tukuna. Sai sun ɗinke nasu sannan masu titi.

Baban Khalifa: Ikon Allah. Shekara huɗu muna buga ƙofar da ba ita ba. Gobe in sha Allahu zan sa hoton a nan.

Ɗan Asabe: Ka shirya takalmi mai ƙwari Alhaji. Masu ruwa za su ce sai masu titi sun ba da izinin tonawa, masu titi su ce sai masu ruwa sun rubuto.

Hajiya Binta: Ka rubuta takarda ɗaya, kwafi biyu, kowace da sunan ɗaya ofishin a ƙasa. Kuma kada ka baro wurin sai an buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a taka.